Yadda Babur Ɗin Malam Ya Shigo Ta Katanga

Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin na yi asara ba. Faɗa nake yi ana rubutawa, in kun ga tuntuɓe na alƙalami ne, bakina ba ya yi. A cikin birnin Zariya aka haife ni, a Limancin Kona aka kawo ni aure, kuma a gidan nake har gobe. Zauren gidan yana nan yadda kakan maigidana ya gina shi. In kun wuce kun gan shi tsaye, to ni na tsayar da shi.

Wanda bai san gidajenmu na cikin birni ba sai in yi masa bayani. In ka shigo zaure daga titi, ƙofar ciki ba ta gabanka, tana can hagu a lungu. Ka bi ta, ka faɗa wata siririyar hanya, ka karya dama, ka shiga shigifa, ka sake karyawa, sannan ka ga tsakar gida. Mutanen da ba shashashai ba ne. Sun murɗa hanyar ne don mai wucewa ko ya miƙa wuya kamar raƙumi, bango kawai zai gani. Albarkacin wannan murɗiya nake zama a tsakar gidana da ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, ina tsintar shinkafa ina faɗa da kaji, kuma tun da aka kawo ni titi bai taɓa sanin launin gashina ba, da yana baƙi da ya koma fari.

Maigidana, wanda nake kira Malam, ma'aikacin gwamnati ne, a ofishin gona ya ƙare ƙuruciyarsa. Duk tsawon aikin nan a kan ƙananan babura ya yi shi, irin waɗanda in iska ta taso sai ka yi musu addu'a. Kullum da yamma zai karkata ɗan babur ɗinsa, ya ja shi ta zaure kamar akuya, ya jingine a shigifa. Kullum kuma sarƙa. Yau ta saki, gobe ta zame, jibi ta tsinke a hanyar ƙauye. Ƙafar wandonsa na dama ba ta taɓa rabuwa da baƙin mai ba, ni na san sabulun da na kashe a kanta.

Da ya yi ritaya aka ba shi garatutinsa, na ce masa, “Malam, rufin ɗakin baƙi yana yoyo.” Ya ce to. Na ce, “A sayi ’yar saniya a kai ƙauye.” Ya ce to. Duk macen da ta daɗe a gidan miji ta san irin wannan to ɗin. Ashe akwai wani malamin jami'a a unguwar Kongo, nan Zariya, da zai bar gari, yana da babur, kuma Malam ya daɗe yana bi ta ƙofar gidansa a hankali kamar mai neman aure.

Ranar da abin ya iso, bayan la'asar ne. Na shanya kuɓewa a tsakar gida, sai na ji wani ruri daga nesa, dududu, dududu. Na ce hadari ya taso. Na kwashe shanyata kaf, na kai ɗaki, na ɗaga kai, sama tas kamar an share. Rurin kuma sai matsowa yake yi, har ya zo ƙofar gida ya tsaya. Na ja mayafi na leƙa ta zaure.

Jama'a, na ga babur. Baƙi ne wuluk, dogo, ƙasa-ƙasa, gabansa ya miƙe can kamar mai miƙa bayan barci. Tankinsa kamar tulu a kwance. Hannuwansa sun buɗe kamar ƙahon bijimin Fulani. Salansa biyu suna ƙyalli har kana ganin haƙoranka a ciki. Malam yana kai, ya jingina baya, ƙafafu a gaba, hula ta koma ƙeya. Yaran unguwa da iyayensu sun yi masa zobe.

“Hajiya,” in ji shi, “zo ki duba. Nemo min sarƙa a jikinsa.”

Na ce, “Ni ka ga na yi kama da bakanike?”

“Duba dai.”

Na duba daga inda nake. Babu sarƙa. Inda ya kamata ta kasance, wani bututun ƙarfe ne mai kauri kamar taɓarya, ya taso daga inji ya tafi ya cusa kai a cibiyar tayar baya.

Nan Malam ya gyara murya, ya fara karatu. Ya ce a cikin bututun nan akwai sandar ƙarfe da take juyawa, irin farfelar da ke ƙarƙashin mota, ita ke murza tayar. Ba ta saki, ba ta tsinkewa, ba ta cin wando, ba ta neman mai duk mako, sai ɗan man giya da ake zuba mata can ba a rasa ba. Ya ce asalin wannan fasali na Amurkawa ne, mutane masu faffaɗan titi da doguwar tafiya, su suka fara son babur da za ka zauna a kai kamar kana kujerar falo. Mutanen Japan suka gani, suka ce mu ma za mu iya, suka ƙera nasu, wasu suka cire musu sarƙa suka sa sanda. Wannan daga can ya fito, ya yi zamansa a Turai, ya tsufa kaɗan, ya hau jirgin ruwa zuwa Kwatano, sannan ya zo Kongo. Ya nuna min injin, tukwane biyu da suka rabu sama kamar gwafa.

Na ce, “To madalla. Ya zaga duniya. Yanzu a ina zai kwana?”

Tun daga wannan tambaya ba mu ƙara samun zaman lafiya ba.

Aka tura shi zaure. Kai ya shiga, da ƙyar, bayan an karkata hannuwan. Amma tsawonsa ya fi zauren, gindi ya rage a waje, ƙofa ta ƙi rufuwa. Aka ce a juya shi hagu ya bi ƙofar ciki. Ina! Ɗan ƙaramin babur mutum ɗaya ke ɗaga gindinsa ya juya shi. Wannan ƙarti suka taru suka yi nishi, bai ko motsa ba. Aka dawo da shi baya, aka sake gwadawa ta gindi, ya kankare mana bango, ya tsaya yana kallonmu da fitilarsa guda.

Washegari Malam ya aika unguwar Tukur-Tukur aka kira bakanikensa, wanda ya saba yi masa gyara. Dabararsu ita ce a cire sarƙa, a zare tayar baya, babur ya gajarta, a shigar da shi, a mayar. Mutumin ya zo da buhun sifanunsa, ya tsuguna ta dama, ya koma ta hagu, ya kwanta a ƙasa ya leƙa.

“Alhaji, ina sarƙar?”

“Ba shi da ita,” in ji Malam, yana murmushi kamar shi ya haifi babur ɗin.

“Faɗuwa ta yi a hanya?”

“Haka aka halicce shi.”

Bakanike ya ƙwanƙwasa bututun da sifana, ya kara kunne. Ya miƙe ya kakkaɓe wando. “Alhaji, ka yi haƙuri. Abin da ban ga yadda aka rufe shi ba, ba na buɗe shi. In na kwance wannan, wani abu ya yi tsalle ya faɗa kwata, daga nan har Kano ba mai irinsa.” Ya sha ruwa ya tafi.

Barin sa a waje kuma ba magana ba ce. Yara sun mayar da madubinsa wurin duba haƙori, akuyar maƙwabta ta fara ɗanɗana kujerar, ga ɓarayin babura da suka addabi gari. Malam ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure, ƙofa a buɗe, yana gadi. Mutumin da likita ya hana shi shan sanyi. Ya fara tari, idanunsa suka faɗa.

Sai ga magini ya zo. Wannan magini taubashin Malam ne, ubansa wan mahaifiyar Malam, don haka tun suna yara yake kiransa bawansa, ni kuma yana ce min amarya, ko da yake haƙoran da suka rage mana ni da shi ba za su cika baki ɗaya ba. Ya zagaya babur, ya zagaya zaure, ya auna da taku, ya yi dariya har da riƙe ciki.

“Bawana, ka sayo raƙumi ba ka auna akurki ba. Amma abu mai sauƙi ne. In fasa bangon zaure nan tsakiya, in fasa na shigifa, hanya ta miƙe ɗoɗar daga titi har gindin rijiya. Ka shigo a kansa ba ka sauka ba.”

Ina bayan ƙofar shigifa ina ji. Na ce, “Wane bango za ka fasa?”

“A'a, amarya, ashe kina kusa. Ƙofa za mu sa ai, ta ƙarfe.”

“Ƙofar da za a buɗe safe da yamma? Kuma duk wanda ya ji rurin nan sai ya juyo ya kalla? Ni za a mayar talabijin ɗin unguwa?”

“Wa zai kalle ki, tsohuwa? Ai sai dai a biya mutum.”

“Kai da ka ƙi mutuwa don ka ƙara ganina? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ga ƙadangaren nan na gani da hula.”

Malam bai yi dariya ba. Na lura yana kallon bangon nan yana gyaɗa kai, na san maganar ta shige shi. Na koma ciki na zauna a kan turmi ina tunani.

To, mu a cikin birni muna da hanyar shigar da abin da zaure ya ƙi. Duk gidan da aka taɓa yin jere sun sani. In aka kawo kayan amarya, gado ko sif ya ƙi karya kwanar shigifa, ba a fasa gini. Maza ake tarawa, wasu a waje wasu a ciki, a ɗaura igiya, a ƙetarar da shi ta katanga. Gadona na ƙarfe ta nan ya shigo. Sif ɗin matar ɗan farina, wanda bakina ba ya kama sunansa, ta nan ya shigo. Har firij.

Na koma bakin shigifa na ce, “Malam, abin da zaure ya ƙi ai katanga ke karɓa.”

Sai magini ya tafa hannu. “Wallahi amarya ta fi ka kai, bawana!” Malam ya washe baki, rabon da in ga haka tun ranar da babur ya zo. Aka sa rana.

Na dafa shinkafa da wake babbar tukunya, na soya mai da yaji, don gayya ba ta yiwuwa da yunwa. Bayan hantsi maza suka taru, maƙwabta da ’ya’yansu da surukansu, har da ladanin masallacinmu. Aka tsiyaye man tankin a jarka. Aka jero ganguna a gindin katanga ta waje, aka ɗora katakai suka yi gangara. Aka naɗe babur da tsofaffin barguna da katifar jikoki, aka ɗaure shi da igiyoyin rijiya na gidaje uku. Aka yi sallama aka ce maza za su shigo, na shige ɗaki na saki asabari, daga nan nake ba da umarni.

“Ku ja ta gabas! Kai mai jar hula, ba kallo aka kira ka ba!”

Na waje suna turawa, na ciki suna ja, magini yana bisa katanga ya raba ƙafa kamar mai hawan jaki yana ba da baki. Malam kuwa ya rasa inda zai tsaya. Ya ruga waje ta zaure ya ce a yi hankali da madubi, ya rugo ciki ya ce a yi hankali da salansa, ya sake rugawa. Da babur ya hau kan katanga ya tsaya yana lilo, tayar gaba a gidanmu ta baya a titi, sai ladan ya kama salati da ƙarfi. Kan katangar ya ɓantare, ƙasa ta zubo a cikin tukunyar wani. Sannan a hankali, a hankali, abin ya sauko ya dira kusa da rijiya.

Aka yi kabbara. Na rangaɗa guɗa daga bayan asabari, ban ji kunya ba. Aka ci shinkafa da wake har ana kankare tukunya, aka yi addu'a Allah ya tsare hawa da sauka, kowa ya tafi yana yabon hikimata. Malam ya dawo ɗakinsa, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Da safe ya yi wanka, ya sa farar shadda, ya zuba mai a tanki, ya murɗa makulli. Babur ya yi ruri, kajina suka haye rufin ɗaki. Ya zauna, ya jingina, ya sa giya. Ya dubi ƙofar shigifa. Ya dubi katanga. Ya daɗe yana duban katanga. Sannan ya kashe injin.

“Hajiya.”

“Na'am, Malam.”

“Ta ina zan fita?”

Na ce, “Yadda za a shigo da shi aka tambaye ni. Ba wanda ya tambaye ni fita.”

Mutane har yau suna gardama, wasu sun ce na sani na yi shiru, wasu sun ce ni ma ban hango ba. Ni dai abin da zan ce, maza nawa ne a wurin nan, da masu digiri da masu rawani, wa ya hango? Gado in ya shiga ta katanga ya shiga ke nan, sai dai rabon gado ya fitar da shi. Da wannan kan muka yi aikin, dukkanmu.

Haka babur ya zama ɗan gida. Labari ya zaga birni. Malam in ya fita masallaci a ƙafa, sai a tare shi: “Alhaji, ya mai jego? Yaushe za a yi arba'in ta fito?” Magini ya aiko a tambaya ko a kawo masa dusa, tunda kiwo ake yi.

Malam bai fasa hawa ba. Kullum da hantsi zai tayar da shi, ya zagaya tsakar gida, daga rijiya zuwa bishiyar lemun tsami, daga lemun tsami zuwa rijiya, ƙafafunsa suna jan ƙasa don wurin ba ya isa a karya kwana. A nan na gano wani hali na babur marar sarƙa. In an murza totur, gindinsa ɗagawa yake yi sama kaɗan, kamar jakin da ke shirin harbi, in an saki ya zauna. Malam ya ce sandar ce ke yin haka, ba cuta ba ce. Na ce ko ma mene ne, ya yi nesa da randata. Bai yi nesa ba. Na yi asarar randa da kwanon sha biyu.

Matan unguwa kuma suka samu wurin zuwa. Wadda ba ta taɓa gaishe ni da ciwon ƙafa ba sai ga ta da sassafe, wai ta zo duba ni, ta ƙare a kan kujerar babur ana ɗaukarta hoto da waya. Ni ma na hau sau ɗaya da ba kowa. Gaskiya kujerar ta fi duk kujerun gidan nan daɗi. Kuma hannuwan nan nasa, ba abin da ya kai su shanya ɗankwali, sai dai da Malam ya gani, ya yi kwana biyu ba ya amsa min sannu da kyau.

Wasa wasa abin ya daina ba shi dariya. Ya rage cin abinci. Sai in fito in tarar da shi zaune a kan babur, inji a kashe, ya riƙe hannuwan yana kallon bango. Ranar nan da safe, ina shara, na ji sallamar magini a zaure, na kuma ji ƙarar ƙarfe ya taɓa ƙasa. Diga ce.

Na yar da tsintsiya, na ja mayafi, na ɗauki tabarmata, na je na shimfiɗa ta a gindin bangon zaure daidai inda suka yi alama da gawayi. Na zauna na miƙe ƙafa.

“Amarya, tashi kar ƙasa ta zubo miki.”

“Fara da ni. Na fi bangon taushi.”

Malam ya ce, “Hajiya, kar ki tara mana jama'a.”

“Jama'a ai kai za ka tara, kullum, safe da yamma. Malam, ta wannan lungu aka shigo da ni gidan nan, ta nan nake so a fitar da ni, a karkata makarar yadda aka karkata ta uwarka. Ba ni da gona, ba ni da ofis. Tsakar gidan nan ita ce tawa. In ka buɗe ta ga titi, a ina zan cire ɗankwali?”

Malam ya tsuguna, abin da bai saba ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa don kar magini ya ji, ko da yake kunnen magini kamar na zomo ne.

“Hajiya, duk aikin da na yi, a bayan ƙurar motocin wasu na yi shi, a tsugune kan abin da bai fi kare ba. Sau ɗaya nake so in bi titi a zaune kamar mutum, kafin gwiwar nan ta ƙi. Kullum ina jin tana ƙara ƙi.”

To, ni ba dutse ba ce. Na dubi gwiwar, na dubi bangon. Magini ya juya baya yana karanta rufin zaure kamar an rubuta wani abu a can.

Na ce, “Ɗauki digarka ka biyo ni.”

Madafina yana kusurwar gidan ta kudu, bayansa yana jingine da wani ɗan lungu da ke fita titi. Ɗaki ne mai faɗin baki, ba ƙyaure. A cikinsa na dafa abincin sunan ’ya’yana duka, na san inda kowane murhu yake ko ido a rufe. Na tsaya a bakinsa na ce, “Ga ɗakin babur. A fasa masa ƙofa ta lungu. Wannan bakin na ciki kuma a toshe shi.”

Malam ya buɗe baki. “Ke kuma a ina za ki yi girki?”

“Wannan ba tambayar maza ba ce. Amma da sharaɗi. Sai an toshe na ciki tukuna, sannan a fasa na waje. Ko na ƙiftawar ido ban yarda lungu ya hango tsakar gidana ba.”

Magini ya ce, “Amarya, a fasa a fitar da shi mana, sannan in toshe a tsanake.”

“Na san tsanakinka. Katangar da ka ɓantare har yau tana jiranka.”

Aka kwashe tukwane da murahu da itace. Aka kawo bulo da siminti. Malam ya tura babur cikin madafi, hancinsa yana kallon bangon lungu, ya tsaya kusa da shi yana riƙe da hannu ɗaya. Magini ya fara jera bulo. Layi ya kai gwiwa, ya ce, “Bawana, fito.”

“Ka ci gaba. In ka zo fasa bangon can, wa zai kare shi daga ɓaraguzai? Na san hannunka.”

“Za ka zauna a ciki in gine ka?”

“Minti nawa ne? Kana gamawa ka zagaya ka fasa.”

Magini ya dube ni, na dube shi. Ban ce komai ba, tunda ba a tambaye ni ba. Bulo ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, ya kai gemu. Abin da na gani na ƙarshe hular Malam ce da idanunsa biyu, yana cewa a tabbata an kawo bargon lulluɓe babur ta waje. Magini ya sa bulo na ƙarshe, ya shafe da siminti, ya wanke hannu. Daidai nan aka kira azahar.

“To, bawana,” ya ɗaga murya, “salla ta kama. In na idar kuma amarya za ta ba ni abinci, ba a fasa bango da yunwa.”

Daga cikin bango muka ji, “Kai! Kai, ɗan nema! Dawo nan!”

Ya tafi abinsa. Ya yi salla, ya yi nafila, ina jin ranar har da wuridin da bai taɓa yi ba. Ya dawo ya zauna a zaure, na aika masa ɗanwake da na dafa a kan murhun da na kafa gindin lemun tsami, ya ci yana santi. Malam kuwa akwai wata ’yar tagar hayaƙi can sama, ta nan na hau turmi na miƙa masa buta da kofin fura.

“Hajiya, akwai zafi a nan.”

“Na sani, Malam. Na ɗan taɓa zama a ciki.”

“Wani abu yana zubo min a ka.”

“Kunkunniya ce. Kar ka taɓa rufin.”

“Na riga na taɓa.”

Sai wajen la'asar na ji diga ta fara cin bango ta lungu. Kafin nan duk unguwa ta ji cewa an gine Alhaji da babur ɗinsa, lungun ya cika har titi. Ina tsakar gida ina jin bugun, ina jin Malam yana ihu a yi a hankali, ina jin magini yana cewa a kawo guɗa za a buɗe kan amarya. Can sai na ji bango ya rufta, jama'a suka ɗauki sowa. Waɗanda suka gani sun ce farar shaddar nan ta koma kamar gindin tukunya, fuskarsa ba abin da ake gani sai ido da haƙora, amma ko kakkaɓewa bai tsaya yi ba. Aka share ɓaraguzai, ya murɗa makulli.

Ni ban gani ba. Ina zaune a kan tabarmata, na cire ɗankwali na ajiye a gefe, ina jin rurin ya cika lungu, ya fita titi, ya yi wajen ƙofar gari, yana raguwa har ya ɓace. Ya daɗe bai dawo ba. Na tsince shinkafar dare, na kore kaji, na duba sabon bangon na ga magini ya karkace layi ɗaya.

Gab da magariba na ji sallamarsa a zaure. Ya shigo a ƙafa, ya karya hagu, ya karya dama, ya ɓullo tsakar gida baƙi ƙirin, yana ɗingishi, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ce ya kai har hanyar Kaduna ya juyo, kuma ba wanda ya ba shi ƙura.

Na ce, “Sannu da zuwa. Cire rigar nan a nan, kar ka shigar min da ita ɗaki.”

Rumfar kwano ya sa aka kafa min a gindin lemun tsami, a nan nake girki yanzu. Da damina ruwa yana feso min a miya, sai in ja tukunya in matsa ciki.